Tsarin Ziyarar Yini Ɗaya Daga Sakkwato Zuwa Gaɓar Gulbin Rima da Ƙasar Gobir

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa gani ya kori ji. Amma ɗalibin Hausa yakan yi shekara huɗu yana jin labarin Wurno da Alƙalawa da Tsuntsuwa a cikin aji, ya rubuta su a jarrabawa har ya ci, alhali kuwa bai taɓa taka ƙasarsu ba, ko da yake wasu daga cikinsu ba su wuce tafiyar hantsi daga Sakkwato ba. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin ɗalibai kan yi sha'awar shirya ziyarar gani da ido, a fita da safe a komo da yamma.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ya kamata a tsara irin wannan ziyara, daga birnin Sakkwato a bi gaɓar Gulbin Rima a nufi ƙasar Gobir, watau wajejen Tsamaye da Sabon Birni da Isa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ziyarar yini ɗaya daga komowa ake fara tsara ta. A fara yanke lokacin da za a dawo gida da wurin da za a juya, sa'an nan a ƙirgo baya a ga abin da yinin zai iya ɗauka. Wanda ya fara da jera wuraren da yake marmarin gani, dare ne zai yanke masa hukunci a kan hanya, kuma a wannan yanki dare ba abin wasa ba ne.

2.0 Ma'anar Ziyarar Yini Ɗaya

Tafiya ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Akwai fatauci, akwai ci-rani, akwai yawon almajiranci, akwai kuma ziyarar hubbaren waliyyai da ta 'yan'uwa. Dukkan waɗannan suna da zango, watau inda dare ya yi wa matafiyi nan zai sauke kaya ya kwana. Ziyarar yini ɗaya ta bambanta da su da abu guda: ba ta da masauki. Gidan da aka fito shi ne masaukin, saboda haka rabin yinin na hanya ne tun ba a tashi ba.

A ƙasashen da wannan al'ada ta zauna da gindinta, jirgin ƙasa ne ke riƙe da tsarin. Misali a Japan, mutumin Tokiyo kan shiga jirgi da safe, cikin kamar awa ɗaya ya sauka Kamakura da ke gaɓar teku, garin da ya zama cibiyar mulkin mayaƙan ƙasar tun daga ƙarshen ƙarni na 12 har zuwa 1333. Yakan zaga wuraren tarihi, ya ƙarasa tsibirin Enoshima, ya komo gida ya yi barci a ɗakinsa. An kawo wannan misali ne don kamannin da ke tsakaninsa da namu, domin mu ma tsohuwar cibiyar mulki ce a bakin ruwa muke nufa. Bambancin kuwa shi ne, shi jadawalin jirgi ke gaya masa lokacin juyowa, mu kuwa rana da ruwa da lafiyar hanya su ne jadawalinmu, kuma babu ɗayansu da aka rubuta a allo a tasha.

3.0 Hanya da Matsayanta

Ƙasar Hausa ba ta da teku, gulbi da tafki su ne gaɓarta. Gulbin Rima yana tattara ruwansa ne daga Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, waɗanda ke haɗuwa a yankin Isa da Sabon Birni, sa'an nan ya gangaro ta Goronyo da Wurno ya sadu da Gulbin Sakkwato kusa da birni. Mai fita daga Sakkwato ya nufi Gobir, ruwan nan yake bi yana tarbarsa. Ana iya kasa tafiyar gida uku.

3.1 Wurno

Wurno bai kai kilomita 50 daga Sakkwato ba, ana bin hanyar Acida ne zuwa gare shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi ya zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka da ke fuskantar Gobirawa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya sauka garin a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, lokacin da Wurno ke zaman mazaunin sarauta. Abin da ɗalibi zai lura da shi a nan shi ne yadda garin ya hau tudu yana kallon fadama. Da ya tsaya ya dubi wannan shimfiɗa zai gane dalilin zaɓen wurin fiye da yadda littafi zai gaya masa: ga ruwa, ga abinci, ga kuma hangen abokin gaba tun daga nesa.

3.2 Goronyo

Gaba da Wurno sai Goronyo, wanda bai kai kilomita 100 daga birni ba. A nan aka datse Gulbin Rima, aka gama ginin madatsar a 1984. Tsawon bangonta ya kai kamar kilomita 12, kuma an gina ta ne ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Wanda bai taɓa ganin teku ba, in ya tsaya a bakinta lokacin da take cike, zai sami abin kwatance. Daga gare ta ake sako ruwan da manoman rani ke shuka shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama, daga gare ta kuma birnin Sakkwato ke samun wani kaso na ruwan shansa.

Ga ɗalibin harshe da al'ada, bakin ruwan nan makaranta ce. Akwai masunta da kayan aikinsu, irin su koma da homa da taru da ƙugiya da gora, akwai masu fito da kwalekwale, akwai kuma sarautar Sarkin Ruwa da abin da ke rataye da ita na magani da kirari. Awa biyu tare da tsohon masunci ɗaya za su cika littafin ɗalibi da kalmomin da ba lalle ne ya same su a ƙamus ba. Kasuwar Goronyo ran Lahadi take ci.

3.3 Tsamaye, Sabon Birni, Alƙalawa da Isa

Da an fita ƙasar Goronyo an shiga ƙasar Sabon Birni, inda garuruwa irin su Tsamaye da Unguwar Lalle da Lajinge da Gatawa suke. Shi Sabon Birni ya haura kilomita 130 daga Sakkwato, kuma iyakar Jamhuriyar Nijar na kusa da shi. Wannan yanki shi ne zuciyar ziyarar, domin a nan kufan Alƙalawa yake.

Sarkin Gobir Babari ne ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, bayan da Gobirawa suka rinjayi Zamfarawa waɗanda da can su ke da ƙasar. Daga nan Bawa Jangwarzo ya yi mulkinsa, bayansa Yakuba da Nafata da Yumfa. Kusa da birnin aka gwabza yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda jama'ar Shehu Usmanu suka yi asarar mutane masu yawa, cikinsu har da mahardata Alƙur'ani. A watan Oktoba na 1808 birnin ya faɗi a hannun rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta, aka kashe Yumfa. Gobirawa ba su miƙa wuya nan take ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma wani reshe na gidan sarautar, ƙarƙashin Ɗan Halima, ya komo kudu ya kafa Sabon Birni a rabi na biyu na ƙarni na 19. Isa kuwa ribaɗi ne na ɓangaren Sakkwato, sarkinsa ma Sarkin Gobir ake ce masa. A fadar Isa ne Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu waƙoƙin da har yau ake nazari a ajin adabin baka.

Kunnen ɗalibi ma zai sami rabonsa. Zai ji "munka tahi" a maimakon "muka tafi", da "hwadama" a maimakon "fadama", da "mi kaka so?" a maimakon "me kake so?", da "ɗiyan sarki" a maimakon "'ya'yan sarki". Zai ga tsagen Gobirawa a kumatun dattawa, wanda yanzu ba a cika yi wa yara ba. Zai ji labarin sarautar Inna ta Gobir, da wasan barkwanci da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe. Duk waɗannan a bakin mutane suke, ba a jikin ganuwa ba.

4.0 Abubuwa Uku da Ke Mulkin Tsari

4.1 Rana

A Sakkwato tsawon yini bai cika wuce awa 13 ba ko da bazara, da hunturu kuwa yakan sauko kusa da awa 11 da rabi. A watan Disamba rana kan fito wajen ƙarfe 7 na safe ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yamma. To, in an yanke cewa a shigo birni ƙarfe 5, aka kuma ajiye awa ɗaya saboda faci ko lalacewar mota, abin da ya rage tsakanin tashi da komowa awa 9 ne. Daga cikinsu a cire na tafiya da dawowa, a cire na salla da abinci, a cire na gaisuwar fada, wadda ba ta da ma'auni. Abin da ya saura shi ne ainihin ziyarar.

Bisa ga wannan lissafi, ga yadda yinin Wurno da Goronyo zai iya kasancewa: tashi ƙarfe 7, Wurno daga 8 zuwa 10, bakin madatsar ruwa daga 11 zuwa azahar, juyowa kafin ƙarfe 3, la'asar a gida ko kusa da gida. Mai karatu zai ga cewa babu gurbin Alƙalawa a cikin wannan jadawali. Haka ne. Wanda ke nufin Sabon Birni dole ya bar Wurno da Goronyo sai wani jiƙon, ya ba wannan tafiya yininta sukutum. Haɗa matsayan nan uku a rana ɗaya shi ne kuskuren da aka fi yi a kan takarda, sakamakonsa kuwa a ga ko'ina ta tagar mota, ba a tsaya an saurari kowa ba.

4.2 Ruwa

Damina a wannan yanki daga Yuni ne zuwa Satumba, ta fi ƙarfi a Agusta. A lokacin gulbi kan cika ya malale fadama, hanyoyin ƙauye su yanke, a koma fito da kwalekwale. A 2010 ambaliyar Gulbin Rima ta cinye garuruwa da gonaki masu yawa daga Goronyo har zuwa Sakkwato. A watan Agusta na 2025 kuma wani kwalekwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Saboda haka shiga jirgin ruwa ba tare da rigar kariya ba, ko shiga wanda aka cika maƙil, bai kamata ya shiga tsarin ziyarar ɗalibai ba sam.

Bazara kuma tana da nata. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, ruwan madatsa ya ja baya, kamar yadda ya yi ƙwarai a 2018, sai mai zuwa kallon ruwa ya tarar da taɓo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu. Ruwa na nan bai janye ba, hanya ta bushe, an kawar da amfanin gona, manoma sun sami sukunin zama da baƙo. Sai dai a yi hattara da hazo, wanda kan rage wa direba gani da sassafe.

4.3 Lafiyar Hanya

Wannan shi ne mafi nauyi, kuma ɓoye shi cin amanar mai karatu ne. 'Yan bindiga sun addabi gabashin Jihar Sakkwato shekaru da dama. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 60 a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Oktoba na 2021 an kai hari kasuwar Goronyo aka kashe fiye da 40. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙone wata motar fasinja da mutane a ciki tsakanin Sabon Birni da Isa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannunsu. In hanya ba ta bar sarki ba, motar ɗalibai ba za ta ce tana da wata alfarma ba.

Abin lura shi ne, ba yau hanyoyin nan suka fara neman rakiya ba. Dajin Gundumi, wanda hanyar Isa ke ratsawa, sai da Muhammadu Bello ya aika da mahaya dawaki suka rako Hugh Clapperton ta cikinsa a 1824. Matafiyan da can ba su shiga daji sai sun ji labarin hanya daga waɗanda suka fito. Wannan ƙa'ida ba ta tsufa ba. Mai tsara ziyara ya nemi labari daga wurare uku: jami'an tsaro, da fadar garin da za a je, da direbobin tasha masu bin hanyar kullum. Ya tambaya ana saura mako, ya sake tambaya ana gobe, ya kuma tambaya da asubar ranar. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ce a dakata, an fasa ke nan, ko da an biya kuɗin mota an dafa abinci. Wannan sharaɗi ya hau kan Wurno da Goronyo kamar yadda ya hau kan Sabon Birni. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

5.0 Guzuri da Ladubban Baƙunta

Guzurin farko karatu ne. Wanda zai je Wurno ko Alƙalawa ya fara duba abin da Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri, ya kuma leƙa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu da ke cikin birni, domin tambayar da za ta fito daga bakinsa ta zama ta mai neman ƙari. Ya kuma tuna cewa littattafan nan muryar waɗanda suka yi nasara ce. Muryar Gobirawa sai a bakin jikokinsu.

Na biyu takarda. A rubuta wa hukumar jami'a a sami izni, a rubuta wa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima saboda shiga madatsa, a kuma aika wa uban ƙasa tun da wuri. A ƙasar Sakkwato uban ƙasa shi ne mai gunduma, hakimi kuwa mai gari ne da ke ƙarƙashinsa, kada ɗalibin da ya fito daga Kano ko Zazzau ya rikita su. Na uku ɗan gari. Baƙo ko da idonsa makaho ne, don haka a sami ɗalibi ɗan yankin ya shige gaba.

Sauran kaya sanannu ne: ruwan sha wadatacce, abinci daga gida, akwatin magani, tayar safaya, man mota na zuwa da dawowa, littafi da alƙalami da na'urar ɗaukar murya. A bar jerin sunayen matafiya a hannun wani malami da ya rage a gida. Kada a dogara ga wayar hannu kaɗai, domin akwai wuraren da ba ta kamawa, kuma a 2021 an taɓa rufe layukan waya a ƙananan hukumomin yankin. Jama'a kada ta wuce cikin mota ɗaya ko biyu, kuma kada a baza ranar tafiya da hanyar da za a bi a Facebook ko WhatsApp.

In an isa, fada ake fara zuwa. A tuɓe takalmi, a durƙusa a ce "ranka ya daɗe", a miƙa goro, a faɗi abin da ya kawo mutum. Dattijo a ce masa Baba, dattijuwa a ce mata Inna, kuma ɗalibai mata su ne za su shiga cikin gida wurin mata. Kada a ɗauki hoto ko murya sai da yardar mai ita. A halin da yankin ke ciki, bayyana sunan wanda ya yi magana kan iya jawo masa abin da ɗalibi ba zai iya kare shi daga gare shi ba, saboda haka a tambaye shi ko yana son a ambace shi.

6.0 Idan Hanya Ta Ƙi

Mai yiwuwa ne a tambaya: in hanyar Tsamaye da Alƙalawa ba ta biyuwa, shi ke nan sai a naɗe hannu? Amsa ita ce a'a. An riga an nuna a sama cewa mafi yawan abin da ake nema a Gobir a bakin mutane yake, mutanen kuwa da yawansu sun baro gida. Tun daga 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi, musamman wajejen Gidan Runji, wasu kuma suka kwararo cikin Sakkwato suka rakuɓe a unguwanni. A cikinsu akwai tsofaffin da suka san jerin sarakunan garinsu, da kirarin kowace sarauta, da sunan kowane tafki da kowace fadama, da waƙoƙin niƙa da na daɓe. Kufai yana iya jiran shekara goma bai gusa ba. Tsoho mai shekara tamanin da aka raba da gonarsa ba zai jira ba, kuma jikokinsa da ke tashi a birni bakinsu ya fara juyawa.

Saboda haka ziyarar yini ɗaya zuwa Gobir tana iya yiwuwa ba tare da an fita daga Sakkwato ba. Tsarinta ɗaya ne da wanda aka bayyana: a yi karatu, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a je da goro da abin hasafi, a zauna a saurara. Sai dai a tuna cewa waɗannan bayin Allah ba abin kallo ba ne, masu masauki ne da aka raba da masaukinsu. Abin da aka ɗauko daga bakinsu a rubuta shi da karin harshensu, a ajiye a sashe, a kuma mayar musu da kwafi.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna matsaya uku da ke kan hanyar Gulbin Rima, watau Wurno da Goronyo da ƙasar Sabon Birni da Isa, da abin da ɗalibin Hausa zai tsinta a kowannensu. Ta kuma nuna cewa rana ce ke ƙayyade nisan tafiya, ruwa ke zaɓen wata, lafiyar hanya kuwa ita ke da maganar ƙarshe a kan a je ko a fasa. Shawarar da ake ba ƙungiyoyin ɗalibai ita ce su riƙe jadawalin Wurno da Goronyo a shirye don hunturun da hanya ta yi kyau, su ajiye na Tsamaye da Alƙalawa har ranar da mutanen wurin da kansu za su ce a zo, su kuma fara aikin sauraron dattawan Gobir da ke cikin birni tun daga wannan zangon karatu. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.